Ƙarfi da Juriya a Jiki Ɗaya

A cikin shekarar 1980 wani malami a Amurka, ana ce da shi Robert Hickson, ya buga labarin gwajin da ya yi a Jami'ar Illinois ta birnin Shikago. Shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne. Da ya shiga bin malaminsa wajen gudu, sai ya ga ƙarfinsa yana ja da baya, ya ƙudura sai ya san dalili.

Ya raba mutane kashi uku, aka yi mako 10 ana horonsu. Na fari ɗaga ƙarfe kaɗai su ke yi, kwana 5 a mako. Na biyu gudu da tuƙa keke, minti 40 a rana, kwana 6 a mako. Na uku kuwa aka aza musu duka biyun, ba ragi.

Da fari ba a ga bambanci ba. Har wajen mako na 7 ƙarfin ƙafafun kashi na uku yana ƙaruwa daidai da na kashi na fari. Daga nan ya tsaya cik, a mako na 9 da na 10 ma ya soma raguwa. Amma numfashinsu ya ƙaru kamar na masu gudu zalla. Wato ƙarfe bai ɓata juriya ba, gudu ne ya ci ƙarfi.

Mutane da yawa suka ce to, taura biyu ba ta taunuwa. Sun yi gaggawa. Aikin da Hickson ya ba mutanensa ya yi nauyi ƙwarai, har ba su da lokacin hutu, tsoka kuwa sai ta huta ta ke ginuwa. A 2012 masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi bayansa, suka ga ɓarnar tana bin yawan kwanakin gudun da tsawonsa, kuma gudu ya fi keke rage ƙarfin ƙafa, watakila don kowane taku yana ɗan jijjiga tsoka.

Abin da ya fi shan wuya shi ne zabura, irin wadda ɗan kokawa ke bukata in zai sunkuci abokin karonsa farat ɗaya. Don haka masu horo su kan raba ayyukan, ƙarfe da safe, gudu da yamma, ko ma kowanne da ranarsa. In kuwa tilas a haɗa su a zama guda, su kan fara da ƙarfe tun ƙafa ba ta gaji ba.