Hasashen Teku a Nazare: Yadda Ake Sanin Zuwan Raƙuman Ruwa Tun Suna Nesa

Nazare ƙaramin garin masunta ne a gaɓar yammacin ƙasar Fotugal, kimanin kilomita 120 arewa da Lisbon, kuma daga watan Oktoba zuwa Maris babu abin da ake bibiya a cikinsa kamar hasashen teku, wato bayanin da masana ke fitarwa game da girman igiyar ruwan da ke tafe, da inda ta fito, da irin iskar da za ta tarar a bakin gaɓa. Dalili kuwa shi ne wani bakin teku da ke arewa da garin, wanda ake kira Praia do Norte, ma'ana gaɓar arewa, inda raƙuman ruwa kan miƙe su kai tsayin bene mai hawa bakwai ko takwas. A can ne masu wasan hawan igiya, waɗanda ke tsayawa a kan dogon allo su sulalo a gaban ruwa yayin da yake karyewa, ke taruwa daga ƙasashe masu nisa. Da yawansu sukan sayi tikitin jirgi ne bisa wasu alƙaluma ƙalilan da suka karanta kwana uku ko huɗu kafin ranar, kuma alƙalamin da baƙo ke fara dubawa a cikinsu, wato tsayin igiya, shi ne mafi ƙarancin amfani idan aka karanta shi shi kaɗai.

Igiyar teku iri biyu ce ga masu wannan sana'a. Akwai wadda iskar wurin ke tayarwa nan take, gajera, a hargitse, irin wadda ake gani a kan tafki ko madatsar ruwa idan hadari ya taso, kuma wannan ba ta da amfani ga mai hawa. Akwai kuma igiyar nesa, wadda guguwa ta haifa a can tsakiyar teku, ta baro mahaifarta ta yi tafiyar dubban kilomitoci har ta iso gaɓar da wataƙila ko ganye ba ya motsi a cikinta. Igiyar nesa da ke zuwa Nazare 'yar guguwowin arewacin Tekun Atilantika ce, waɗanda ke tasowa a lokacin sanyi tsakanin gabashin Kanada da kudancin Girinlan da Aisilan. Abu uku ne ke yanke girmanta tun daga can: ƙarfin iskar, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da faɗin filin ruwan da ta share tana fuskantar gefe guda. Iska mai ƙarfi da ta kaɗa sa'a biyu ta lafa ba ta haifar da komai sai hargitsi, amma wadda ta kwana ta wuni tana tura ruwa a kan fili mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci tana zuba wa tekun ƙarfin da zai ɗauka har wata nahiya. Ruwan kansa ba ya yin wannan tafiya, domin kowane ɗigo zagaye kawai yake yi ya komo kusa da inda yake; abin da ke tafiya shi ne ƙarfin, kamar yadda motsi ke bi ta cikin igiyar guga idan aka kaɗa bakinta ɗaya.

Alƙalamin da gwanaye ke fara nema shi ne tazara, wato yawan daƙiƙoƙin da ke tsakanin wucewar ƙololuwar igiya ɗaya da ta mai bi mata. Wannan lamba tana ɗauke da labari mai yawa, domin a ruwa mai zurfi tsawon igiya, daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa, yana daidai da tazarar sau kanta sau 1.56 a ma'aunin mita. Igiya mai tazarar daƙiƙa 8 tsawonta kimanin mita 100 ne, amma mai daƙiƙa 16 tsawonta ya kai mita 400, wato an ninka tazara sau biyu, tsawo ya ninku sau huɗu. Motsin igiya kuma yana shiga cikin ruwa har zurfin rabin tsawonta, saboda haka ta farko ba ta jin ƙasan teku sai a zurfin mita 50, ta biyun kuwa tana fara gogarsa tun a mita 200, nesa ƙwarai da gaɓa. Shi ya sa hasashen da ya ce mita 4 a daƙiƙa 9 da wanda ya ce mita 4 a daƙiƙa 17 suke bayanin rana biyu da ba su da wata kama: ta farko teku ce mai rikici da kumfa, ta biyu kuwa rana ce da ake rufe hanyoyin mota kusa da gaɓa saboda cunkoson 'yan kallo.

Tazarar ce kuma ke ba da damar sanin ranar isowa. Ayarin igiyoyi yana tafiya da rabin saurin ƙololuwa guda, kuma ga tazarar daƙiƙa 16 wannan ya kama kimanin kilomita 45 a sa'a, wato ɗan abin da ya haura kilomita 1,000 a kwana, don haka guguwar da ke nisan kilomita 3,000 tana ba da sanarwar kusan kwana uku. Da yake dogayen igiyoyi sun fi gajeru sauri, su ne ke fara isowa, ƙanana a ido amma masu doguwar tazara, kamar 'yan gaban ayari, sannan jikin ayarin ya biyo baya, tazarar tana raguwa a hankali har ya ƙare. Wannan ilimi ba don wasa aka fara tattara shi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne Harald Sverdrup da Walter Munk, masana teku a Amurka, suka tsara hanyar hasashen igiya domin a san ranar da za a iya sauke sojoji a gaɓa ba tare da ƙananan jiragen sun kife ba, kuma a 1963 Munk ya jagoranci binciken da ya bi sawun igiyoyi daga kudancin Tekun Fasifik har zuwa Alaska, ya nuna cewa doguwar igiya tana ƙetare teku sukutum ba tare da ta yi asarar ƙarfi mai yawa ba.

Duk wannan bai bayyana abin da ya sa Nazare ta bambanta da sauran gaɓar Fotugal ba, alhali igiya ɗaya ce ke dukansu. Sirrin yana ƙarƙashin ruwa. Wani kwazazzabo mai tsawon kimanin kilomita 230, wanda zurfinsa ya kai kusan mita 5,000 a ƙarshensa na cikin teku, ya tsaga dakalin ƙasa marar zurfi da ya kewaye gaɓar, ya taho har gindin dutsen da ya raba bakin tekun garin da Praia do Norte. Igiya tana rage gudu idan ruwa ya rage zurfi, saboda haka sashenta da ke bin kwazazzabon yana ci gaba da saurinsa yayin da sashen da ke kan dakalin ke jan ƙafa, sai igiyar ta lanƙwashe, sashen mai sauri ya karkato arewa ya haɗu da ɗan'uwansa a daidai gaban dutsen. Idan ƙololuwa ta faɗo a kan ƙololuwa, tsayinsu yana haɗuwa, kuma a daidai wannan wuri ne zurfin ke raguwa farat ɗaya, abin da ke tilasta wa ruwan miƙewa sama. Sakamakon shi ne tsini mai siffar dala wanda kan ninka tsayin igiyar da aka auna a cikin teku sau biyu ko fiye. Amma wannan haɗuwa tana da sharaɗi, kuma a nan ne alƙalami na uku, wato alƙiblar igiya, ke shigowa: wadda ta fito daga yamma maso arewa ce ke shiga kwazazzabon yadda ake so, wadda ta karkata arewa sosai ko ta fito daga kudu kuwa ba ta samun wannan ninki, kome girmanta.

Shi kansa tsayin da ake rubutawa a hasashe yana buƙatar bayani, domin ba tsayin igiya mafi girma ba ne. Masana sukan ɗauki dukkan igiyoyin da suka wuce cikin wani lokaci, su ware kashi ɗaya bisa uku mafi tsayi, su fitar da matsakaicinsu, kuma wannan lambar ce ake bugawa. A cikin sa'o'i kaɗan ana iya samun igiya guda da ta kusa ninka ta, kuma da yake igiyoyin nesa suna zuwa ne rukuni-rukuni, da ɗan shiru a tsakani, wanda ya tsaya a bakin yashi ya ga teku ta lafa na minti goma yana iya ɗauka an gama, alhali babban rukunin yana hanya. Wannan rashin fahimta ya fi hatsari ga ɗan kallo da mai kamun kifi a kan duwatsu fiye da mai allo, wanda shi ya san abin da yake jira.

Iska ce ke yanke hukunci na ƙarshe, kuma ita ce mafi wuyar hasashe. Da yake gaɓar tana fuskantar yamma, iskar gabas mai sauƙi, wadda ke fitowa daga tudu ta nufi teku, tana lallashe fuskar igiyar ta riƙe ƙololuwarta ta jinkirta karyewa, yayin da iskar yamma ke ture ta daga baya ta rugurguza ta. A kan igiya mai mita 20 ko ɗan ƙaramin tudu a fuskar ruwa ya isa ya cilla mutumin da ke gangarowa da gudun mota. Mafi kyawun rana ita ce wadda guguwar ta tsaya can nesa ta aiko da igiyarta kawai, mafi muni kuwa wadda guguwar ta biyo igiyar har gaɓa da ruwan sama da iska. Masu wasan a gaɓar Legas da Gana sun san irin wannan saɓani ta wata fuska: iskar hunturu da ke gangarowa daga arewa ita ce iskar tudu a wurinsu, amma manyan igiyoyinsu daga kudancin Atilantika suke zuwa, a watannin damina, lokacin da iskar teku ce ke rinjaye. Akwai kuma cikowar teku da janyewarta, sau biyu a kwana, wadda ke sauya zurfin ruwa da mita biyu zuwa uku a Fotugal, ta matsar da wurin da igiya ke karyewa. Ita dai ana iya lissafa ta shekaru kafin lokaci, tunda da wata da rana take tafiya.

Alƙaluman suna fitowa ne daga manyan kwamfutoci na hukumomin yanayi, musamman hukumar teku da sararin sama ta Amurka, mai tsarin lissafin da ake kira WAVEWATCH III, da cibiyar hasashe ta Turai, waɗanda ke ɗaukar hasashen iska su lissafa igiyar da za ta haifa. Ana gwada lissafin da awon taurarin ɗan'adam da kuma na wasu na'urori da ke yawo a kan ruwa kamar goran masunta, ɗaure da anga, suna aiko da tsayi da tazara da alƙibla. Cibiyar nazarin teku ta rundunar ruwan Fotugal tana da irinsu a gaban Nazare. Kamfanoni kamar Surfline, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1985, su ne ke fassara wannan ga masu wasa. Hasashen kwana biyu zuwa uku abin dogaro ne ƙwarai, tunda a lokacin igiyar ta riga ta baro gida ana ganin ta, amma na kwana goma hasashen guguwar da ba a haifa ba ne, kuma kuskure kaɗan a ƙarfin iskarta yana zama babban kuskure a tsayin igiya. Wannan ne ya sa gasar manyan igiyoyi ta Nazare ba ta da tsayayyiyar rana: ana ware watanni ana jira, sai alƙaluma sun daidaita a kira 'yan wasa cikin 'yan kwanaki.

Tarihin bajintar wurin tarihin ranakun da komai ya zo daidai ne. Garrett McNamara, Ba'amurke daga Hawai, ya hau igiya mai mita 23.8 a Nuwamban 2011, abin da ya sanar da duniya sunan garin. Rodrigo Koxa na Birazil ya kai mita 24.38 a Nuwamban 2017. 'Yar ƙasar Birazil Maya Gabeira, wadda ta kusa nutsewa a wurin a 2013, ta kafa bajintar mata da mita 22.4 a Fabrairun 2020. Sai Bajamushe Sebastian Steudtner da mita 26.21 ranar 29 ga Oktoban 2020, a kan igiyar da ragowar guguwar Epsilon ta aiko. Irin wannan igiya ta fi ƙarfin a kamo ta da tuƙin hannu, sai an ja mutum da babur ɗin ruwa, wani babur ɗin kuma yana jiran ceto, masu lura suna kan tsohuwar ganuwar da ke bisa dutsen, kusa da jar hasumiyar fitila, da rediyo a hannu suna faɗin inda rukuni ya ɓullo da inda wanda ya faɗi ya taso. Duk da wannan shiri, a Janairun 2023 ƙwararren ɗan wasa Márcio Freire na Birazil ya rasu a Praia do Norte, kuma ranar ba ta cikin mafiya girman igiya. Mutanen garin, waɗanda matansu da yawa suka sa baƙaƙen kaya saboda mazan da teku ta ci kafin a gina musu tashar jiragen kamun kifi a shekarun 1980, sun daɗe da sanin halin wannan gaɓa, kuma hasashen da ke kiran baƙi daga Hawai da Birazil shi ne wanda hukumar yanayi ta Fotugal ke fitar da gargaɗin launin ruwan lemo ko ja a kansa, hukumar tashar ta taƙaita fita, jiragen masunta su kwana a ɗaure.