Bishiyoyin da Taswira Ba Ta Gani a Ƙasar Aujara

Tun 2001 masana ke bin diddigin bishiyoyin duniya ta tauraron ɗan'adam, kuma idan aka jera ƙasashe masu zafi sai a ga kowace da irin gatarin da ke cin dajinta.

A Birazil masu kiwon shanu da manyan manoman waken suya ne ke share dajin Amazon. A 2004 sun share kusan murabba'in kilomita 28,000. Da gwamnati ta sa ido, tana cin tara, tana hana masu laifi bashin banki, zuwa 2012 ɓarnar ta sauko ƙasa da 5,000. Aka saki linzami a zamanin shugaba Bolsonaro, ta kai wajen 13,000 a 2021, Lula ya dawo a 2023 ta sake yin ƙasa. Indonesiya ma ta ja wa kamfanonin manja da katako birki bayan mummunar gobarar daji ta 2015, asarar ta ragu shekaru a jere. A ƙasashen nan biyu an san mai saran, yana da suna da lasisi, doka na iya kama shi.

Kwango ta Kinshasa kuwa ba ta samu irin wannan sauƙin ba. Kusan hekta rabin miliyan na tsohon daji ke tafiya duk shekara, akasari a hannun ƙaramin manomi mai sassabe da mai toya gawayi. Wa za a ci tara, alhali tukunyar kowa a kan murhu take?

Halinmu ya fi kama da na Kwango, sai dai namu ba ya ma fitowa sosai a taswirar tauraron ɗan'adam. Ma'aunin da aka saba amfani da shi yana neman wurin da inuwar bishiyoyi ta rufe kashi 30 cikin ɗari na fili. Arzikin Aujara da sauran ƙauyukan Jahun ba kurmi ba ne. Ɗorawa ce a tsakiyar gonar gero, da kuka a bayan gari, da gawo da tsamiya nan da can. A sare goma a yau, babu jan ɗigon da zai bayyana a taswirar. Wani bincike na 2020 ya ƙirga irin waɗannan bishiyoyi sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a wuraren da ake yi wa kallon fako.

Dalilan saran bishiyoyinmu ba ɓoyayyu ba ne. Dutse ta cika ta batse tun da ta zama babban birnin jihar Jigawa a 1991, ga Kano a kusa, kananzir da gas sun fi ƙarfin talaka, buhun gawayi ya zama kuɗi a hannu. Illar da ta fi damuna ita ce wadda ba a cika faɗa ba: idan itace ya yi wuya, mata sukan koma ga kara da busasshen kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona shi ne ke shiga wuta. Sai ƙasa ta gaji, iskar farkon damina ta binne shuka da rairayi, kalwar daddawa ta yi tsada.

Shi ya sa nake ganin da Maraɗi da Damagaram ya kamata mu auna kanmu. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman can suka fara abin da suke kira sassaben zamani: a bar tohon kututture, a zaɓi mai ƙarfi a gyara shi. An kiyasta hekta miliyan 5 da bishiyoyi miliyan 200, da dama daga cikinsu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana. Abin ya kankama ne sa'ad da manomi ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, ba ta malamin daji ba.

Jigawa na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, ana kuma raba dashe duk damina, amma dashen da ba a killace ba akuya ce ke cinye shi kafin bazara. Tohon kututture yana da tsohuwar saiwa a ƙasa, ba ya jiran ban ruwa. Abin da yake bukata shi ne hakimi da dagatai su tsaya wa mai gona, duk wanda ya shigo da gatari cikin dare ya biya.