Babi na Shida: Gurgu da Hanyar Ƙauye

Da an ce a sauƙaƙa wa naƙasassu zirga-zirga, sai kowa ya hango gangaren siminti a ƙofar banki. To, wane banki ne a ƙauye? Abin da ya shiga tsakanin gurgu da gonarsa, da rijiya, da kasuwar mako, yashi ne da rani, taɓo da damina.

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya wuce tuni. Mu bar ta nan, mu koma kan keke.

Akwai wani kuskure da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wai duk kujera mai taya taimako ce. Sai a cika mota da kujerun asibiti, a raba, a ɗauki hoto, a watse. Don Allah dubi ƙananan tayoyin nan biyu na gaba! Don daɓen asibiti aka yi su. Suna taɓa yashi sai su nutse, mai turawa ya yi ta nishi, kafin kaka kujera ta koma ƙuryar zaure kaji na kwana a kanta. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa keke ya dace da jikin mai shi da ƙasar da zai taka, kuma a iya gyara shi a inda yake.

Keken guragu mai ƙafa uku ya cika sharuɗɗan nan. Feda a hannu, sarƙa ta sauka zuwa tayar gaba, tayoyin kuma na keken hawa ne, manya. In ƙaya ta huda, mai faci na bakin kasuwa ya gama da ita. In ƙarfe ya tsage, ga mai walda. A Kano da Jos ana ƙera shi, kuma da yawa daga maƙeran su ma shan-inna ce ta taɓa su. An dai ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020, amma waɗanda ta riga ta kama suna nan, sun zama magidanta.

Aibinsa tsawo: ba ya juyawa a ɗaki, dokin ƙofa ma kan tare shi.

Saura hanya. In za a yi aikin gayya bana, a fara zuba burji daga bakin gari zuwa rijiya, a bar faɗin da keke mai ƙafa uku zai wuce.