Mudu, Sikeli da Kunnen Mai Sauraro

A kasuwar Dutse Alhaji, cikin ƙaramar hukumar Bwari a Abuja, har yau mudu ne ke raba gardama a layin 'yan hatsi, duk da cewa tun shekarun 1970 Najeriya ta koma awon kilo da mita a hukumance. Mudun kuwa ba ɗaya ba ne. Wani an bubbuge gindinsa ya shige ciki, wani ma'auni ya yi tozo, wani ya shafe baki. Shi ya sa mai cefane ba ta ɗauke ido daga hannun mai awo.

Duk wanda aka taɓa tauye wa mudu ya san darajar sikeli. Sikeli ba ya duba fuska, ba ya sanin wa ya zo da mota, wa ya zo a ƙasa. Don neman irin wannan adalci masana suka ajiye wani curin ƙarfe kusa da Paris a 1889, aka ce shi ne kilo na duniya. Da aka lura nauyinsa na ɗan saɓawa da na kwafe-kwafensa, sai a 2019 aka yi masa ritaya, aka ɗora kilo a kan lissafin kimiyya da ba ya tsatsa.

Sai dai akwai abin da sikeli bai sani ba, wato gyara. Idan ciniki ya faɗa, mai saye ya ce, "Alhaji, a yi mini gyara mana," sai a ƙara masa ɗan tafi. Wannan tafin ba ya cikin farashi, amma shi ke dawo da mutum rumfa ɗaya shekara da shekaru. Ɗan kasuwar da ya hana shi da sunan ƙa'ida, lissafinsa daidai ne, cinikinsa ne zai ja baya.

Alƙaluman gwamnati ma haka suke. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disamban 2024. Da ta sabunta tsarin lissafinta, na Janairun 2025 ya fito 24.48. Ba ƙarya aka yi ba, ma'aunin aka sauya. Amma magidancin da ya ji labarin a rediyo bai ga kuɗin cefanensa ya ragu cikin wata guda ba.

Adabi ma yana da nasa awon. Khalil bin Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara ilmin aruli, wato ilmin awon karin waƙa, kuma manazarta irin su Farfesa M.K.M. Galadanci sun nuna yadda rubutattun waƙoƙin Hausa da yawa suka hau waɗannan karuruwa na Larabci. Ilmi ne mai amfani ƙwarai, da shi ake gane baitin da ya karye. Abin da ba ya iya faɗa shi ne dalilin da ya sa wani baiti ke ratsa jiki, wani kuma, mai cikakkun gaɓoɓi da amsa-amo, ya wuce ba wanda ya waiwaya. Ɗalibi na iya yanka waƙar Imfiraji gaɓa-gaɓa ya ci jarrabawa. Aliyu Namangi da ya tsara ta makaho ne, da kunne ya auna ta, kuma da kunne mabarata da matan gida suka haddace ta daga Zariya har Maraɗi.