Tukunyar da Yamai Ke Zaune a Bakinta

Wanda ya tashi a unguwar Zongo ta Yamai ya san yadda kogin Isa ke ramewa a watan Mayu, har duwatsun cikinsa su fito fili masu wanki su riƙa shanya kaya a kansu. Duwatsun nan masu ruwan toka, waɗanda guduma ke tsalle in an buga musu, sun kai shekara biliyan 2. Jar marmarar da ke kan tuddan hayin kogi kuwa, tuddan nan uku da ake kira Trois Sœurs, jinjira ce a gabansu. Mai son gane yadda kaka da jika suka haɗu a gari ɗaya, ya leƙa madafa lokacin da ake tuƙa tuwon dare.

Daga tafin ƙafarka zuwa cibiyar duniya wajen kilomita 6,370 ne. Ɓawon da muke takawa kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi bai fi kilomita 35 zuwa 40 ba a yawancin wurare, tamkar fatar da tuwo ke yi in an bar shi a buɗe. Daga nan har zurfin kilomita 2,900 dutse ne mai zafi. Mutane da yawa suna zaton talge ne yake tafarfasa a can, amma tuwo ne da ya riga ya yi tauri, yana dai motsi a hankali, ƴan santimita a shekara, yana jan nahiyoyi a bayansa. Can ƙasa ne ake da narkakken ƙarfe, sannan a tsakiya curin ƙarfe wanda zafinsa ya haura digiri 5,000, amma nauyin da ya danne shi ya hana shi narkewa. Ba wanda ya taɓa leƙawa. Ramin da Rashawa suka haƙa a Kola kilomita 12 da ɗoriya ya tsaya, ko fatar bai huda ba. Daga yadda girgizar ƙasa ke ratsa cikin duniya masana suka gano sauran. Abu ɗaya ne misalin bai kama ba: wannan tukunya, wato duniya, ba ta kan murhu, wutarta a cikinta take. Rabin zafin ragowar na farko ne tun shekara biliyan 4.5, rabi kuma daga ma'adinai irin yuraniyom yake fitowa, shi dai wanda ake haƙa a Arlit.

In narkakken dutse ya taso ya huce, ya zama malmala ke nan. Wanda ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa shi ne dutsen kogin nan, irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi. Ɗauki ɓallinsa ka kai kusa da ido. Za ka ga ƙwayoyi masu haske kamar fasasshiyar kwalba, da farare ko masu ɗan ja-ja, da baƙaƙe masu ƙyalli waɗanda farce ke iya ɓamɓarowa. Kowace ƙwaya ma'adini ce mai zaman kanta, dutsen kuma haɗinsu ne, yadda gari da ruwa da kanwa ke haɗuwa su zama tuwo.

Sai ƙanzo. Tuwon ne dai, amma wuta da nauyin na sama sun sauya shi har ba ka gane shi. Yamma da kogi, a yankin Liptako, wajen rafin Sirba, akwai duwatsu masu ruwan ganye da suka sha irin wannan gashi. Ruwan zafi ya bi tsagoginsu ya bar jijiyoyin farin dutse, zinariya kuma a cikin jijiyoyin take. Su aka fara haƙa a mahaƙar Samira a 2004, su kuma samari ke bi da fitila a goshi cikin ramukan Koma Bangu.

Bayan an kwashe tuwo akan jiƙa tukunya ta kwana, da safe a tarar ɓarɓashi ya kwanta a gindi. Haka ruwa da iska ke goge tsofaffin duwatsu, su kwashi yashi da laka su zube a kwari, wani bisa wani, har su manne su koma dutse. Daga Yamai ka nufi gabas, ta Dogon Dutsi har Tawa, a kan irin wannan kwanciya kake tafiya. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza ɓawon halittun teku ne, domin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce a wurin. Gawayin Anu Araren kuma daji ne da ya binne.

Yamai a daidai gaɓar take: tsohon dutse a ƙasa da yamma, kwantaccen yashi a sama da gabas. Marmarar saman tuddai galibinta tsatsa ce, abin da ya rage bayan ruwan sama da zafi sun wanke yawancin ma'adinai sun bar ƙarfe. Taurinta ne ya kare yashin da ke ƙarƙashinta, shi ya sa kan tuddan yake a baje.

A ganina masu haƙar rijiya sun fi kowa sanin wannan darasi, ko da ba su shiga aji ba. Dutsen yashi yana shan ruwa ya riƙe, kusan duk inda ka huda a kwari za ka tarar. Tsohon dutse kuwa ba ya sha, sai a tsaga kawai ruwa ke maƙalewa. Shi ya sa a ƙasar Tera akan huda rami mai zurfi a tashi a banza, a matsa gaba kaɗan a faɗa kan tsaga, ruwa ya ɓulɓulo.