In Mota Tana Tari

Yau zancen tsohuwar Fijo 404 ne, irin mai ɗaukar albasa a hanyar Madawa, Buza da Kaita. In injinta yana rawa, ta kasa hawan tudu, kada ku yi saurin kwance karbireta. Buji huɗu gare ta. Sau da yawa guda ce ta mutu.

Ku bar inji yana aiki. Ku cire wayar buji guda, ku saurara, ku mayar. A kama da filaya mai hannun roba, wutar tana fizga! Wadda aka cire ƙarar inji ba ta sake ba, nan ciwon yake. Ku kwance bujin. In ta yi baƙi ƙirin a bushe, ku duba matatar iska, wataƙila ƙura ta toshe ta. In ta jiƙe da baƙin mai, wannan sai makaniki.