Me Ya Sa Sikila Ke Jira Sai Jariri Ya Kai Wata Shida?

Uwar da ta taɓa renon mai sikila, a Kasuwar Daji ko Zurmi, ta san wannan: jariri yakan zo lafiya lau, sai wajen wata shida hannuwa da ƙafafu su fara kumbura, kuka ya ƙi ƙarewa. Cutar tana jikinsa tun ranar haihuwa. To, me ya tsare ta?

Amsar tana cikin ƙwayar halitta. Kowace ɗaya na ɗauke da zaren DNA mai tsawon kusan mita 2, an naɗe shi a kan furotin da ake kira histon, kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro. Amma akwai wasu furotin da ba histon ba, masu manne wa zaren su yanke hukuncin wane sashe za a karanta, wane za a rufe. Daga cikinsu, CTCF na lanƙwasa zaren ya raba masa iyakoki, dangin HMG na tanƙwara shi.

Wanda ya shafi maganarmu shi ne BCL11A. Ɗan tayi yana da nasa hamogulobin, wanda ba ya barin jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. Bayan haihuwa sai BCL11A ya kama wurin da ke kunna hamogulobin ɗin tayi a jikin DNA ya rufe, jiki ya koma yin na manya, wanda a nan lahanin sikila yake. A 2008 ne ƙungiyar masu bincike ta Stuart Orkin a Boston ta tabbatar cewa BCL11A ne ke rufe hamogulobin ɗin tayi.

Daga nan aka samo Casgevy, maganin da ke rage ƙarfin BCL11A ta hanyar gyaran DNA. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Kuɗinsa dala miliyan 2.2, alhali a Najeriya ana haifar kimanin jarirai 150,000 da sikila duk shekara. A ganina wannan ba namu ba ne tukuna.

Namu shi ne hydroxyurea, ƙwaya mai araha da ke ƙara hamogulobin ɗin tayi. Bincike a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna yana rage wa yara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ya kamata gwamnatin Zamfara ta wadata asibitocin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi da shi, iyaye kuma su dage kan gwajin jini kafin a sa ranar aure.